Tekun Bayan Layin Dogo

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya son teku ya kama ni, alhali a lokacin ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne wanda kan taru a ƙofar gidanmu na Fagge idan an tafka ruwan sama kwata ta toshe. Littattafai ne suka ja mini.

Shekarun nan ne da kuɗin mai suka fara shigowa gari, kowa yana sauya wani abu. Babanmu yana da rumfar atamfa a Kantin Kwari. Ya jingine kekensa ya sayi babur, ya sa aka jawo mana wuta, sannan ya yanke shawarar cewa ɗansa na fari sai ya iya Turanci irin wanda ake karanta labarai da shi a rediyo. Shi ya sa ya cire ni daga firamaren unguwa ya kai ni wata a Sabon Gari. Asalinmu Borno ne, kakanmu ne ya zo fatauci ya zauna, amma abin da ya rage mana na can bai wuce kakata ba, mahaifiyar Baba, wadda kan juya Barbarci ta yi mana faɗa idan Hausa ta ƙare mata.

A sabuwar makarantar aka haɗa ni benci ɗaya da wani yaro Ibo, siriri mai faffaɗan kunne, wanda Hausarsa ta fi tawa kaifi, musamman wajen baƙar magana. Babansa makanike ne, mamarsa kuma tana sayar da busasshen kifi a kasuwar Sabon Gari. Wani Bature da babansa ke gyara wa mota ya tashi komawa ƙasarsu, ya bar masa kwali guda na littattafan 'ya'yansa. Abokina ko kallonsu bai yi ba, shi ƙwallo ce a gabansa. Ya ce in ina so in riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya, amma sai na yarda zan riƙa tsare musu raga, tunda babu mai son wannan aikin. Na yarda. Allah kaɗai ya san yawan ƙwallayen da aka zura mini a shekarar nan saboda karatu.

Littattafan kusan duk hanyarsu ɗaya. Yaran Turawa ne, an ba su hutu, iyayensu sun tura su gidan wata goggo a bakin teku. Kafin su gama kwance kaya sun gano kogo, ko tsibirin da ba kowa a cikinsa, ko wata tsohuwar halitta da ke fitowa daga ruwa tana yi musu magana kamar hedimasta, ta kai su wata duniyar ta dawo da su kafin lokacin shan shayi. Halittar ba ta ba ni mamaki sosai ba, mu ma muna da aljanu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yaro ya fita tun safe har yamma, babu wanda ya ce masa ina za ka, babu wanda ya aike shi niƙa.

Rabin kalmomin ban san su ba, sai dai in yi kirdado. Wai ruwan teku yana tafiya ya dawo da kansa kullum. Na tambayi malamin ajinmu ina yake zuwa, ya ce in bar shirme in kama lissafi, tunda a nan ne nake faɗuwa. Akwai kuma wani abin sha da yaran kan zuba a kwando idan za su fita, wanda sunansa ya ƙare da kalmar da na san tana nufin giya. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi ta tausayin yaran da rashin tarbiyya, har na fara tunanin ko karatun nan ya halatta, sai da abokina ya gaya mini lemon citta ne kawai.

A hankali na fara lalacewa. Na riƙa tafiya hannuwa a baya. Na ce da Inna me ya sa ba ma shan shayi da la'asar. Idan ƙanwata ta yi mini magana da Hausa sai in amsa mata da Turancin littafi, irin wanda ko Turawan ma ina jin sun daina yi tun kafin a haife ni. Ita shekararta tara, ba ta cika surutu ba, amma idan ta kalle ka sai ka duba ko rigarka a bai-bai take.

Da aka ba mu dogon hutu, damina ta sauka sosai, na sami Baba yana cin tuwo a soro, na durƙusa.

"Baba, ina za mu je hutu bana?"

"Hutu? Ba ga shi an ba ku ba?"

"Ina nufin tafiya. Bakin teku."

Ya ajiye lomar da ya ɗauko. "Me aka ce ka karɓo a can?"

"Ba komai, Baba. Zama ake yi. A kalli ruwa."

"A hau jirgin ƙasa tun daga nan har Ikko don a kalli ruwa." Ya ɗaga murya yadda Inna za ta ji daga tsakar gida. "Kin ji ɗanki? Cika masa randa ki ajiye masa kujera a gabanta." Sannan ya juyo wurina. "Ni dilolin atamfata suna can kan tekun nan naka wata da watanni, jirage sun yi layi babu wurin sauke kaya. In ka je ka gaishe su."

Na tashi na ba shi wuri, ina jin kaina kamar yaran littafi idan manya sun kasa fahimtarsu. Ko a littafin ma manya ba sa gane komai sai shafi na ƙarshe.

Abokina ne ya kawo maganin abin, ba da niyya ba. Wata rana ƙwallonsu ta fashe, muka bi ta bayan layin dogo neman mai faci, sai ga shi a gabana. Wani ƙaton kududdufi ne, inda aka daɗe ana haƙar ƙasar gini, ruwan damina ya cika shi taf. A gefensa wani Alhaji yana gina otal mai hawa-hawa, tifofi sun zube yashi tsibi-tsibi har bakin ruwan. A tsakiyar ruwan kuma, can nesa, ga wani tudu mai koren ciyawa.

Na tsaya cak. Ga yashi, ga ruwa, ga tsibiri.

"Kai, ka ga abin da nake gani kuwa?"

"Na ga kududdufi," in ji abokina. "Nan ake jefar da matattun kaji."

Ban saurare shi ba. Kafin mu koma gida na gama tsara komai. Za mu zo yawon bakin teku da abincinmu, ni zan zama kyaftin, zan ƙetara zuwa tsibirin in ga abin da ke ɓoye a can. Abokina ya yarda saboda na ce akwai kifin gwangwani. Ƙanwata kuwa ban gayyace ta ba. Ta kama ni ne ina auna babban daron wankin Inna da ƙafafuna, na zauna a ciki na naɗe gwiwa, ta tsaya tana kallona.

"Yaya, wanka za a yi maka?"

Na gaya mata gaskiya don ba ni da wata dabara. Ta ce ko dai a tafi da ita, ko ta je ta gaya wa Kaka yanzu. Na ce to, dama a littafi ma akan tafi da mace ɗaya don ta riƙe kwando. Yaran littafin kan tafi da kare, mu kuwa babu mai shigo da kare gidanmu, sai na gwada jan ɗan akuyar Kaka. Muna isa bakin titi ya ji ƙarar motoci ya tirje, ya fizge igiya ya koma gida abinsa. Daga baya na gane duk cikinmu shi ne mai hankali.

Ranar tafiyar muka fito da hantsi. Ƙanwata ta ɗora daron a kanta kamar wadda aka aika, shi ya sa babu wanda ya tanka mana. Muka ratsa mahaɗar titin Bata, sababbin motoci da babura suna ta rige-rige, 'yan dako suna ihu a ba su hanya, ni ina gaba hannuwa a baya. Abokina yana jiranmu a bakin layin dogo da ƙosai a takarda. Ni na kawo burodi da kifin gwangwani da lemon kwalba. Abin buɗe gwangwani ne ban kawo ba, domin a littafi ba a taɓa cewa ana buƙatarsa ba. Da ƙusa da dutse muka fasa shi, rabin man ya zube a wandona.

Muka zauna kan yashin Alhaji muka ci. Na umarce su da su kalli ruwa. Suka kalla. Ruwan kore ne, ba ya motsi, ga wani takalmi ƙafa ɗaya yana yawo a kansa.

"Sai yaushe za mu daina kallo?" in ji ƙanwata.

Ana cikin haka wani ƙaton kwaɗo ya fito daga ruwan ya zauna a kan yashi yana kallonmu. Na ce su yi shiru. Na matsa a hankali na durƙusa gabansa, na gaishe shi da Turanci mai ladabi, na tambaye shi ko yana da saƙon da zai ba mu. Ya lumshe ido ɗaya.

"Yaya," in ji ƙanwata, "kwaɗon Kano ina zai ji Turanci?"

Abokina ya kwanta a kan yashi yana dariya har da shure-shure. Kwaɗon ya yi tsalle ya koma ruwa. Na miƙe na kakkaɓe gwiwa, na ce ai irin waɗannan halittu ba sa magana a gaban masu shakka, lokacin tafiya ma ya yi.

Suka riƙe mini daron a bakin ruwa na shiga. Murfin tukunya ne matuƙina. Abokina ya tura ni da ƙarfinsa duka, ina ɗaga musu hannu ina yi musu bankwana da Turanci. Da na tsoma murfin na ja ruwa, sai daron ya juya. Na ja ta ɗaya gefen, ya juya ta can. Duk abin da na yi, juyawa kawai yake, in ga otal, in ga layin dogo, in ga ƙanwata, in sake ganin otal, har ƙosai da kifin gwangwani suka fara shawarar dawowa. Leburorin da ke aiki a saman ginin suka ajiye kwanonin siminti suka jeru suna kallo. Wani birkila ya yi ihu, "Direba, ka saki sitiyari mana!"

Iska ce ta ji tausayina ta kora ni har bakin tudun. Na yi wuf na dira, na ɗaga hannu sama don duniya ta shaida. A wannan dirar ne ƙafata ta ture daron, ya kama hanyarsa shi kaɗai, yana tafiya sambal, abin da ya ƙi yi ina ciki.

Na juya na dubi tsibirina. Tsohon juji ne da ciyawa ta rufe. Gwangwanaye ne da fasassun kwalabe da wata ruɓaɓɓiyar taya, ga kuma kajin da abokina ya faɗa. Mazauna tsibirin ma akwai su. Cinnaku ne, waɗanda ruwa ya kora suka taru a wuri ɗaya suna jin haushin duniya, sai ga ƙafafuna Allah ya kawo musu. Suka hau ni ta cikin wando.

A nan Turancina ya ƙare. "Wayyo Allah! Wayyo Inna! Ku taimake ni, zan mutu!" Ina tsalle ina dukan cinyoyina, leburori suna tafi. Ban iya iyo ba, kuma a duk littattafan da na karanta ruwan da ke kewaye da tsibiri mai zurfi ne, mai haɗiye mutum. Na hango abokina yana kai da kawowa a bakin ruwa, ya rasa ko ya gudu neman taimako ko ya gudu kawai.

Ƙanwata ce ta tuɓe silifanta ta jera su a kan yashi, ta tattare zanenta, ta shiga ruwan tana tafiya kamar mai zuwa shagon maƙwabta. Ruwan ya kawo mata gwiwa, ya kawo cinya, ya tsaya a ƙugu. Bai ƙara ba. Ba wurina ta fara zuwa ba. Daron Inna ta bi ta kamo, ta duba ko ya loɓa, sannan ta jawo shi ta iso gabana.

"Yaya, sauko mu tafi."

Leburorin suka ɗauki sowa. Na sauko na bi bayanta, ina ƙoƙarin yin tafiyar da za ta nuna dama haka na tsara. Mun kusa gaɓa ƙafata ta faɗa wani rami, taɓo ya riƙe silifana, na tafi gaba ɗaya na nutse har kai. Na taso da koren gansakuka a ka, na sha ruwan da har yau ba na son tuna ɗanɗanonsa, tafin ƙafata kuma kwalba ta tsaga shi, jini yana zuba.

Gidan su abokina ya fi kusa, sai suka rirriƙe ni muka nufi can. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, kowace ƙofa da murhunta. Muka tarar da mamarsa ta dawo daga kasuwa ɗaukar wani abu. Mace ce doguwa mai jiki, a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta tas. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta kama kunnen ɗanta ta yi masa magana mai tsawo da yarensu, wadda ban buƙaci tafinta ba. Sannan ta juyo kaina.

"Kai kuma ɗan gidan Alhaji mai atamfa, wa ya jefa ka masai?"

Ta tuɓe ni a tsakar gida gaban duk matan haya, ta sa sabulu da soso ta dirje ni kamar tukunya. Ta dafa ruwa ta zuba gishiri ta tsoma ƙafata a ciki, na ƙwala ihun da ya tashi jaririn maƙwabta. Tana ɗaure mini ciwon ta tambayi abin da ya kai mu can. Ƙanwata ce ta ba da labari tiryan-tiryan, har da gaisuwar kwaɗo, ba ta rage komai ba.

"Teku?" in ji mamar abokina. "Teku kake nema?"

"E, Mama."

"Ni na gan shi. Shekarun da muka bar Kano lokacin yaƙi, wajen dangin uwata muka zauna, kusa da ruwa. Ƙarni ne da sauro. Babu mai zuwa ya zauna kallonsa sai wanda ba shi da aikin yi." Ta matse tsumma. "Kullum ina can ina mafarkin Sabon Gari. Kai kuma kana nan kana mafarkin can. Ɗaga ƙafar."

Kayana ta wanke su ta shanya, na abokina kuwa ba su shige ni ba, shi siriri ne. Sai ta ɗauko zanenta ɗaya ta ɗaura mini a wuya ya sauka har gwiwa. Ta ce ba za ta bar mu mu tafi mu kaɗai ba, da kanta za ta kai mu, don ta yi wa iyayenmu bayani kada a ce ɗanta ne ya ja ni.

Ban ga illar zanen nan ba sai da muka shiga Fagge. Yaro da zane ɗaure a wuya, yana tafiya yana ɗingishi yana buɗe ƙafafu saboda cizon cinnaku, abu ɗaya yake nufi a unguwarmu. Mai shayin bakin layi ne ya fara.

"Sannu yaro, Allah ya ba da lafiya. Wane wanzami ne ya yi?"

Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta riƙe baki. "Ikon Allah, ƙato kamar wannan sai yanzu aka yi masa? Me Alhaji yake jira?" Ta miƙo mini ƙullin gyaɗa wai na jinya. Yaran layinmu suka biyo mu a baya. Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ga gaskiyar ma ba ta fi ƙaryar daɗin faɗa ba, na karɓi gyaɗar na wuce.

A gida Inna ta fara karɓar daronta ta jujjuya shi, sannan ta dubi ƙafata, sannan ta yi mini kallon da ke nufin sai baƙuwa ta tafi. Kaka ta sa aka shimfiɗa wa Mama tabarma, aka kawo ruwa da goro. Ƙanwata ta sake ba da labarin daga farko, wannan karon har da kwaikwayon yadda nake juyawa. Kaka ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta huta ta sunsuna iska ta dubi baƙuwar.

"'Yar nan, kifi kike sayarwa?"

"E, Hajiya. Banda."

"Daga ina ake kawo miki?"

"Daga Baga, Hajiya."

Kaka ta gyara zama. Ashe a can bakin tafkin Cadi aka haife ta, can ta girma har aka yi mata aure. Ni dai ban taɓa ji ba, ko kuma an faɗa ban saurara ba. Suka manta da ni gaba ɗaya. Kaka tana faɗin ruwan da ba a hango ƙarshensa, da tsibiran ciyawa masu tafiya da kansu, yau ka gan su a nan gobe sun koma can, da shanu masu manyan ƙahoni da ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, da ranar da dorina ta bi ta ita da wanta suna cikin kwale-kwale. Mama tana ba ta labarin nasu ruwan. Suka yi musu a kan kifin wane ruwa ya fi daɗi a miya.

Ina gefe da zanena ina sauraro, wani kishi ya taso mini. Na yi gyaran murya.

"Kaka, ruwan naku akwai gishiri a ciki?"

"Wane irin gishiri? Ruwan daɗi ne, shi muke sha."

"To ai ba teku ba ne ke nan."

Maficin da ke hannunta ta jefo mini, ya same ni a goshi, ta bi shi da Barbarci.

Da Baba ya dawo ya ji labari bai dake ni ba. Ya ce tunda ina da lokacin kallon ruwa, sauran hutun a rumfa zan yi shi, ina ninke atamfa. Haka kuwa aka yi, da zarar ƙafar ta warke. Sai dai Kaka ta samu ƙawa. Duk bayan 'yan kwanaki sai ta yafa mayafi ta ce a kira mata ni in raka ta kasuwar Sabon Gari, wai za ta duba kifi. Ba ta cika saye ba. Takan zauna a benci cikin rumfar Mama, ta ɗauki banda ta karya ta sunsuna, ta ce wannan ba a gasa shi da kyau ba, mutanen yanzu sun lalata sana'a. Mama ta ce to Hajiya ki koma ki gasa mana. Su yi ta hira har la'asar, ni ina zaune kan buhu da littafina.

Wata rana ciniki ya yi sanyi, Kaka ta nuna littafin da haɓa.

"Wai me ke cikin abin nan da ya kusa kashe ka? Karanta mana mu ji."

Na yi murna, na miƙe tsaye, na fara karantawa ina juya musu da Hausa. Ban yi nisa ba Kaka ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Ina uwar yaran nan?"

"Tana gida, Kaka. Ta tura su wurin goggonsu."

"Lafiyarta ƙalau ta tura yara huɗu gidan mutane? Yaji ta yi?"

"A'a, hutu ne."

"Ita goggon tana da miji?" in ji Mama.

Na duba, littafin bai faɗa ba. Suka yanke hukunci tsakaninsu cewa mijin ya rasu ne, shi ya sa ba ta da ƙarfin tsawata wa yara. Na ci gaba. Da muka zo inda halittar ta fito daga ruwa ta yi wa yaran magana, na rage murya don abin ya yi armashi, amma babu wadda ta razana. Kaka ta ce ta san irinsu, ba a amsa musu, yaron da ya amsa shi ne wawan cikinsu. Mama ta ce a wajensu ma haka ne. Abin da ya tayar musu da hankali shi ne yaran sun bar ƙaramarsu ita kaɗai a bakin kogo, ruwa yana tasowa.

"Babban nan ba shi da hankali," in ji Kaka, tana kallona. "Duk manyan haka suke."

Wata mata ta zo sayen kifi, Mama ta sallame ta a gurguje ko tayi ba ta tsaya ja ba, ta dawo ta zauna. Mai manjan rumfar kusa ma ta matso da kujerarta. Na ce makogwarona ya bushe, ko za mu bari sai wani zuwan.

"Ba shi ruwa," in ji Kaka. "Yaran nan duka bulala suke so, da su da goggon. Ci gaba, a fito da yarinyar nan tukuna."